Tukunya Ɗaya, Rami Biyu

Ƙafarta ɗaya na kan matakalar motar, ɗayar na ƙasa, Natércia ta hango sunanta.

Da farin fenti aka rubuta shi a jikin wani ɗan katako, aka kafa a kan tulin ƙasa mai fitar da tururi. A ƙarƙashinsa kuma ga wani sunan: Dinarte.

Gefen katakon wani mutum ne a tsaye, ya dogara da ƙotar fartanya, hula ta rufe masa rabin fuska. Ko a buhu aka saka shi za ta gane kafaɗun nan.

Gualter...

"Sauka mana, kin tare wa mutane hanya," in ji mahaifiyarta daga baya.

Dona Odília ta yi maganar ne da wata murya mai zaƙi wadda Natércia ta sani tun tana ƙarama. Muryar da take fitowa ke nan duk ranar da Mama ta ƙulla wani abu, ta kuma ga yana tafiya yadda take so.

Da safiyar nan katafaren jirgin ruwan da ya ɗauko su ya tsaya a tashar Ponta Delgada, aka gaya wa fasinjoji yini guda gare su a tsibirin, kowa ya dawo kafin faɗuwar rana, jirgi ba ya jiran kowa. Sauran 'yan motar baƙi ne, sun zo kallon ƙasa tana tafasa, suna ta toshe hanci saboda warin farar wuta. Natércia kuwa a nan Furnas aka yanke mata cibiya. Shekara da shekaru rabonta da garin, tun da mahaifinta ya rasu uwar ta tattara ta suka koma Toronto, ta yi karatun jinya, ta kama aiki. Da ta shaƙi warin nan da baƙi suke gudu, sai da ƙwalla ta cika mata ido.

Dinarte, mai neman aurenta, shi ne ya shirya tafiyar. A can Kanada aka haife shi, iyayensa 'yan tsibiri ne, yana da kamfanin gine-gine da haƙora masu kyau, kuma ba mugun mutum ba ne. Matsalarsa ɗaya: ya saba in ya buga waya abu ya iso.

Mu mutanen Furnas, dutse mai aman wuta da muke zaune a cikin bakinsa shi yake mana girki. A jera nama da kaza da kabeji da dankali da gwaza a tukunya, ba a zuba ko ɗigon ruwa, a ɗaure murfi, a saka ta a buhu, a zura a rami da asuba, a rufe da ƙasa. Da rana a zo a tono. A unguwar su Odília kuma tsofaffi sun ƙara wa abin gishiri. Wai saurayin da zai nemi aure ya binne tukunya da sunansa da na yarinyar. In ta fito lugub, dutse ya yarda. In aka sami ɗanye a ciki, a fasa. Ni dai na ci tukwane da yawa a rayuwata. Na ci wadda namanta yake narkewa a baki, auren bai ga zagayowar shekara ba. Amma je ki gaya wa Odília haka, ki ga kallon da za ta yi miki.

Ba sunan ne ya fi soke Natércia ba. Ramin ne.

Kowane rami a filin nan da halinsa, da sunan da 'yan gari suke kiransa. Wanda aka kafa katakon a kansa shi ne Masifaffe, ramin da ko ƙahon sa aka jefa masa sai ya dafa shi. Gualter ne yake raba ramuka, shi yake binnewa, shi yake tonowa, aikin da ya gada daga mahaifinsa ya haɗa da kiwon 'yan shanunsa. Ke nan da hannunsa ya zaɓa wa baikonta ramin da ba ya kuskure.

Wato abin ko a jikinsa. Wato har fatan alheri yake mata.

Ta yi wa kanta tsaki a zuci. Me ta yi tsammani? Mutumin da ranar da za ta bar tsibirin ta tsaya a gabansa tana jiran kalma ɗaya, ya ɗauki akwatinta ya kai mota, ya duba igiyar, ya sake dubawa, sannan ya ce ta kula da sanyi. Mutumin da in ta kira shi a waya sai ya ba ta labarin ruwan sama da saniyar da ta haihu. Da Mama ta nuna mata hotonsa da Lisete, 'yar mai gidan abincin bakin tafki, suna tsaye kafaɗa da kafaɗa a wajen bikin coci, ta ce ai an kusa ɗaura musu aure, Natércia ta kira shi tana kuka ta tambaye shi. Ya ce ta yarda da abin da ta ga dama. Daga ranar ba su sake magana ba.

Dona Odília kuwa ba ta taɓa ɓoye ra'ayinta ba. Ta ce ta ƙare ƙuruciyarta tana wanke warin farar wuta daga rigunan mijinta, ba ta ƙetare teku da 'yarta don ta dawo da ita hannun mai fartanya ba.

Dinarte ya riƙo hannunta, fuskarsa kamar an kunna fitila.

"Kin ga abin da na ɓoye miki, farin cikina? Mama ce ta ba ni shawara. Na ce musu ramin da ya fi kowanne nake so."

Kafin ta amsa sai ga Lisete ta taho da rigar girki a jikinta, ta sumbace ta a kumatu biyu, irin sumbar da ba ta taɓa fata.

"Oyoyo 'yar Kanada. Kin yi fari kamar madara. Warin bai dame ki ba dai? Na san an manta."

"Hanci ba ya mantuwa, Lisete. Sai dai mutane."

Lisete ta yi dariya, ta ce ita da kanta ta jera tukunyar, ba ta yarda wani ya taɓa ba, don irin wannan aure a yi shi maza ya fi. Tana magana tana gyara wani jiƙaƙƙen ƙyalle da ta naɗe a wuyan hannunta na dama.

Natércia ta zare hannunta daga na Dinarte, ta taka har gaban tulin ƙasar. Zafin yana ratsa takalminta.

"Sannu, Gualter."

"Sannu da zuwa, Dona Natércia."

"Dona kuma? Yaushe na tsufa ban sani ba?"

Bai ɗago ba. Ya rame, ta lura, kuma gefen kansa ya fara furfura.

"Ka zaɓa mana rami mai kyau," ta ce. "Na gode."

Ta ga jijiyar wuyansa ta motsa. Ya ce, "Ramin yana da kyau."

Shi ke nan. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗaga fartanya.

Baƙi suka kewaye su da wayoyi a sama. Ya janye ƙasar, ya ɗaga murfin katako, tururi ya taso ya lulluɓe shi har ba a ganinsa. Shi da wani ma'aikaci suka zura ƙugiyoyi, suka ciro tukunyar, suka kai ta kan teburin da Dinarte ya sa aka shimfiɗa wa farin zane a bakin tafki. Gualter ya kwance buhun ya yar gefe guda. Da aka buɗe murfi ƙamshi ya kori warin filin gaba ɗaya.

Dona Odília ta matso da cokali mai yatsu kamar alƙali zai yanke hukunci. Gwaza ta nufa, don shi ne mai taurin kai a tukunya. Tana taɓa shi ya rabe biyu.

Ta ɗaga ido sama, ta yi alamar gicciye a ƙirjinta.

"Dutse ya yarda."

Baƙi ba su san me ta ce ba, amma suka ɗauki tafi. Dinarte ya ciro ɗan akwatin zobe, ya durƙusa da gwiwa ɗaya a cikin ɗumin laka, ya fara wani jawabi da ka ji ka san ya yi ta maimaita shi a gaban madubi.

Natércia ba ta iya kallonsa ba. Ba ta iya kallon Mama ba. Gualter kuwa ta rantse ba za ta sake kallonsa ba. Sai ta kalli ƙasa.

Buhun yana yashe kusa da ƙafarta.

Samansa ya yi toka-toka, kamar kowane buhu da ya fito daga Masifaffe. Amma gindinsa, da cikin naɗe-naɗensa, ja ne. Ta sunkuya, ta dangwalo da yatsa, ta murza.



Duk faɗin filin nan ƙasarsa ruwan toka ce. Wuri ɗaya ne tak yake da jar ƙasa: can ƙarshe, ƙarƙashin itatuwa, inda wani tsohon rami yake da ake kira Malalaci. Zafinsa ya mutu tun suna yara, ko ƙwai ba ya dafawa, ba mai kai masa tukunya. A bakinsa ita da Gualter suke zama in sun gudo daga idon mutane, su zura ƙafafu cikin ɗan ɗuminsa, ita tana zuba surutu, shi yana saurare.

"Tashi tukuna, Dinarte," ta ce a hankali. "Wandonka zai lalace."

Ta juya.

"Gualter. A wane rami ka binne tukunyar nan da asuba?"



Lisete ta yi wuf ta ce wannan wace irin tambaya ce, ai a gaban kowa aka tono ta.

"Ban tambaye ki ba. Amma tunda kin sa baki, me ya ƙona miki hannu?"

Lisete ta ce mai ne ya fallatso mata. Ta faɗa da sauri fiye da kima, ta kuma ɓoye hannun a bayanta.

Natércia ta ɗaga yatsanta sama, jajawur, ta nuna wa uwarta.

"Ke ma kin san ta, Mama. Kin sha dirje ta daga farar rigata, kina tambayata inda na je."

Dona Odília ta kau da kai.

Gualter ya cire hularsa. Ya juya ta a hannu, ya sake juyawa.

"A Malalaci," ya ce.

Sauran maganar da ƙyar ta fito, guntu-guntu, yana kallon takalminsa. Ya binne ta a can, ya kafa katakon, ya tafi tatsar shanu. Da ya dawo ya tarar katakon ya koma kan Masifaffe, lokaci kuma ya riga ya ƙure.

Nan Lisete ta fashe. Ta ce e, ita ce, ita da ƙanenta suka ɗauke ta, kuma gobe ma za ta sake. Ta ce wa zai ƙara ba wa Gualter tukunya in aka ji da gangan ya lalata ta baƙo? Sunan mahaifinsa ta ceto, abincinsa ta ceto. Ta ce ita take nan tana ganinsa yana ramewa shekara da shekaru, wata tana can tana wasa da ƙanƙara. Hoton ma da ake magana ita ta aika wa Dona Odília, kuma ko a hoton ba ita yake kallo ba. Tana faɗin haka muryarta ta karye, ta juya ta nufi gidan abincinsu. Ni ban taɓa iya jin haushin Lisete sosai ba. Ta so mutum, ta yi dabara, dabarar ta ƙona mata hannu.

Dinarte ya miƙe, gwiwarsa duk laka, yana kallon wannan yana kallon wancan.

"Ni fa ban gane ba. Abincin ya dahu ko bai dahu ba?"

"Ya dahu," in ji Dona Odília, ta dawo cikin hayyacinta. "Ko a ina aka fara, ya dahu. Natércia, kada ki yi wasa da abin da ya fi ƙarfinki. Dutse ya riga ya yi magana."

"Dutse bai san ni ba, Mama. Zafi gare shi, ba hankali ba."

Ta matsa kusa da Dinarte, ta rufe ɗan akwatin zoben da hannunta, ta mayar masa cikin tafinsa. Ta gaya masa, ba a gaban wayoyin mutane ba, da muryar da shi kaɗai zai ji, cewa bai yi mata laifin komai ba, ita ce ta yi masa da ta bari abin ya kai nan. Ta ce ya cancanci matar da in ya durƙusa a gabanta shi za ta kalla, ba buhu ba.

Sannan ta juya ga Gualter. Wanda ya zaci rungume shi za ta yi bai san 'yar Odília ba.

"Kai kuma kada ka ɗauka ka burge ni."

Ya ɗago, karo na farko.

"Ka gwammace ka lalata abincin mutane, ka zubar da sunan babanka, da ka buɗe baki ka faɗi kalma ɗaya? Da tukunyar nan ta fito ɗanya fa? Mama ta tsorata, a fasa, in koma jirgi ban san kai ne ba. Camfi ya yi maka aiki, kai kana tsaye da fartanya kamar ba ruwanka."

"Tércia, ni..."

"Kai me?"

Ya mayar da idonsa kan takalminsa.

Daga can mai jagoran baƙi ta ɗaga 'yar tutarta tana kira, ta ce akwai sauran wurin da za a tsaya kafin a koma tashar jirgi. Direba ya tayar da mota. Mutane suka fara shiga suna waiwaye.

"Ga mota can," in ji Natércia. "Ba zan auri Dinarte ba, wannan ya wuce. Amma in ban ji da kunnena ba, zan shige ta, in koma Toronto in zauna, ba shi, ba kai. Na gaji da fassara shirunka, Gualter. Rami ba zai nema maka aurena ba."

Ta juya ta tafi.

Ba ta yi sauri ba, ba ta kuma ja ƙafa ba.  Ta wuce teburin, ta wuce Masifaffe da yake buɗe yana huci, ta isa ƙofar motar. Ba ta ji komai a bayanta ba sai tafasar ƙasa.

Ta ɗora ƙafa a kan matakala.

"Tércia."

Ta tsaya, ba ta waiwaya ba.

"Ki zauna."

Hawaye suka zubo mata, amma ta dake.

"Ban ji ba. Injin yana ƙara."

Mutumin da duk garin ba wanda ya taɓa jin ya ɗaga murya ko a kan saniya, ya yar da fartanya, ya taho da gudu, ya tsaya a gaban mota cike da baƙi.

"Na ce ki zauna! Ina son ki, Tércia... tun ranar da kika ɓata farar rigar nan nake son ki. Ranar da za ki tafi na so in faɗa, sai na ga me zan ba ki da ya fi abin da za ki samu a can. Ban iya magana ba. Ki zauna, zan koya."

Ta sauke ƙafarta daga matakalar.

Baƙi suka sake ɗaukar tafi. Wannan karon sun tafa a inda ya dace.

Dinarte, Allah ya ba shi mace tagari, ya tsaya ya share gwiwarsa, sannan ya ce a kwashe tukunyar a shiga da ita mota a raba wa fasinjoji, tunda dai an ce ta dahu. Shi ne kuma ya sa aka sauke akwatin Natércia daga jirgi aka ajiye mata a tashar. Dona Odília kuwa ta zauna a kujerar gaba, jakarta a cinya, idonta a kan hanya. Da 'yar ta zo jikin taga tana kiran Mama, sai ta ce wa direba ya ja mota, ita ba ta bar kowa a baya ba.

Da yamma Natércia da Gualter suka hau tudu, suka ga jirgin can a kan teku, fari fat, yana ƙanƙancewa. Natércia ta yi kukan uwarta har ta gode Allah. Gualter ya rasa abin yi, sai ya fara ba ta labarin wata saniya, ya tuna, ya katse labarin, ya ce, "Ina nan." Ta ce masa ya fara koyo.

A gidan gwaggonta Hermínia ta zauna, ta sami aiki a asibitin garin. Duk sanyin shekarar nan Mama ba ta ɗauki wayarta ba.

Da bazara sai ga Dona Odília ta sauka daga jirgin sama. Ta ce wa kowa gidan marigayi mijinta ta zo sayarwa. Gwaggo Hermínia ce ta buɗe akwatin don ta taya ta jera kaya, ta tarar da farin yadi na amare a naɗe a ƙasa.

Sharaɗi ɗaya Dona Odília ta kafa kafin a yi auren. Ta ce ita ba ta san wani sabon salo ba, a binne tukunya yadda aka saba, a gaban idonta, ita kuma za ta duba.

Gualter ya binne ta a Masifaffe. Amma ranar hankalinsa ba ya jikinsa. Ya je ya dawo, ya zagaya tulin, ya dubi rana, ya sake duba, har ya kasa haƙuri. Mutumin da bai taɓa tono tukunya kafin lokacinta ba, ranar ya tono tasa.

Aka buɗe murfi. Dangi da maƙwabta suka kewaye tebur. Dona Odília ta ɗauki cokali mai yatsu, ta nufi gwaza.

Cokalin ya ƙi shiga.

Ta danna. Ya zame.

 Gualter ya yi fari kamar zanen teburin. Natércia ta riƙe hannun rigarsa gam, ta ɗaga kai, ta shirya yaƙi.

Dona Odília ta dubi gwazan. Ta dubi hannun 'yarta a jikin rigar nan mai warin farar wuta. Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta ɗauki wuƙa, ta yanko guntu, ta jefa a baki.

Duk wadda ta taɓa cin ɗanyen gwaza ta san abin da yake yi wa maƙogwaro. Muna jin ƙarar taunar daga inda muke. Idonta ya kaɗa ya yi ja, hawaye ya gangaro. Ta tauna, ta tauna, ta haɗiye.

Ta ajiye wuƙar.

"Ya dahu," ta ce. "A ba ni ruwa."

Ta jima tana fama da ƙaiƙayin maƙogwaro bayan nan, har ranar ɗaurin aure muryarta ba ta gama dawowa ba. Yanzu jikoki sun cika mata tsakar gida, duk rigunansu da jar ƙasa. Kuma har gobe in kika tambaye ta, za ta dube ki ido cikin ido ta ce ba ta taɓa cin gwaza mai laushin wannan ba.